CIWON KASAWAR ZUCIYA: RABIN MAGANI YANA HANNUN MAI CIWO

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ɗan kasuwar goro, ya gabatar a taronmu na ƙarshen wata a Obalende. Saboda yawan masu neman a buga shi, ga shi mun kawo muku kamar yadda ya faɗa.)



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata da ke can baya, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga Agege da Idi-Araba da Mile 12, ina yi muku barka da zuwa.

Da farko ina neman afuwa. Ni ba likita ba ne, kowa a nan ya san sana'ata goro ce, karatuna kuwa na Islamiyya ne. Abin da ya sa shugaba ya ce in tashi in yi magana shi ne, shekara huɗu ke nan ina ɗauke da wannan ciwo da likitoci ke kira kasawar zuciya, wanda mu a gida muke cewa "zuciya ta kumbura" ko "ciwon kumburi". Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan faɗa, wani daga bakin likitoci na ji shi, wani kuma jikina ne ya gaya mini.

YADDA ABIN YA FARO

Na shigo Ikko ina saurayi, yau sama da shekara talatin. A da ni da kaina nake ɗaga huhun goro in aza a mota. Sai ga shi wata shekara na fara lura in na hau gadar tsallake titi sai na tsaya sau biyu ina haki. Na ce gajiya ce. Takalmina ya fara matse ni da yamma, na ce tsayuwa ce ta yi yawa. Daga nan kwanciya ta gagara, filo ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, har ta kai a zaune nake barci. Wani dare na farka kamar an danne mini ƙirji da dutse, numfashi ya ƙi fita. Maƙwabta ne suka ɗauke ni zuwa asibiti, na yi kwana tara a kan gado.

Aka yi mini hoton zuciya, wanda suke kira eko. Ba Ikko garinmu ba, eko na asibiti! Likita ya ce mini, "Alhaji, ka daɗe da hawan jini." Gaskiya ya faɗa. An taɓa gaya mini shekaru da dama kafin nan, na sha magani wata biyu, na ji garau, na watsar. Wannan watsarwar ce nake biyan kuɗinta yanzu.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Zuciya kamar injin ban-ruwa ce na fadama. Tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya. In hawan jini ya daɗe, kamar a toshe bakin tiyo ne a bar inji yana ta ja, wata rana sai ya gaji. Ba tsayawa ya yi ba, ƙarfinsa ne ya ragu. To ruwan da ya kasa turawa sai ya kwanta a baya: a ƙafa ya zama kumburi, a ciki ya cika tumbi, a huhu ya hana numfashi. Kun ga ke nan ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma wani ne ya taka maka sawu ba.

Kuma kada wani ya ce ciwon tsofaffi ne. A 2012 an fitar da wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, a kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda wannan ciwo. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne ya fi kowane dalili yawa, kusan kashi 45 cikin 100. A Turai da Amurka galibi sai mutum ya kai saba'in yake kama shi. Mu kuwa yana kama mu muna tsakiyar ciyar da iyali.

Ranar da za a sallame ni likitan ya ce, "A shekara za ka gan ni sau huɗu ko biyar. Sauran kwana ɗari uku da sittin kai ne likitan kanka." To abubuwan da ke taimakon mutum ya zama likitan kansa, da waɗanda ke hana shi, su nake so mu duba yau.

NA FARKO: SANIN CIWON

Rashin sani ya fi dare duhu. Mu mun saba da ciwo irin zazzaɓin cizon sauro, ka sha magani kwana uku ka warke ka manta. Wannan ba haka yake ba. Ga akasarinmu zama ya zo yi, sai dai a lallaɓa shi. Jin sauƙi ba warkewa ba ne, alama ce maganin yana aiki.

Ina da wani amini, rumfarsa na kusa da tawa, ba zan ambaci sunansa ba saboda iyalinsa. Ciwonmu ɗaya, kusan lokaci ɗaya aka gano mana. Da kumburinsa ya sace sai ya ce shi ya warke, ba zai zama bawan ƙwaya ba. Ya koma wa wani jiƙo da aka kawo masa a galan. Na yi masa magana ya ce, "Haba Alhaji, kai dai ka cika tsoro." Bayan wata biyu ƙafa ta sake hawa, ya ce zai tafi gida a duba shi. Ya shiga motar dare. Kwana huɗu da isarsa aka bugo mana waya. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Kwana ya ƙare, ba mu ja da ikon Allah. Amma har yau in na dubi rumfar nan a rufe sai in ce da na ƙara matsa masa.

NA BIYU: SIKELI

Mu 'yan kasuwa mun san darajar awo. To jiki ma awo yake so. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma ruwa yakan taru a jiki kwanaki kafin ido ya gan shi a ƙafa. Saboda haka kowace safiya, bayan na kama ruwa, kafin in karya, nakan hau sikeli in rubuta a littafi irin na bashi. Ƙa'idar da aka ba ni ita ce: in nauyi ya ƙaru da sama da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, a nemi likita a ranar. Haka in filon kwanciya ya ƙaru, ko tari ya dame ka in ka kwanta, ko tafiyar da ka saba yi ta fara sa ka haki.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye: numfashi ya sarƙe kana zaune, ciwon ƙirji mai tsanani, suma, ko tari mai kumfa. Nan sai asibiti kai tsaye. A Jihar Legas lambar gaggawa ita ce 112 ko 767. Kowa ya sa a wayarsa.

NA UKU: GISHIRI

Jama'a, nan ne yaƙin yake. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da wanda ke ɓoye cikin abinci. Da na ji haka na ce ai ni ba na barbaɗa gishiri. Sai aka lissafa mini: dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, yajin tsire, kilishi, balangu, taliyar 'yan yara da garin da ke cikin ledarta, kifin gwangwani, kanwa a miya da a wake, har burodin Agege da muke alfahari da shi. Na ce to me ya rage?

Ashe da saura. Albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, attaruhu, daddawa wadda ba a cika mata gishiri ba, lemon tsami, duk suna tayar da miya. Makon farko kamar kana cin ƙasa. Bayan wata ɗaya harshe ya saba, yanzu in na ɗanɗana miyar biki sai in ji ta yi zartsi.

Amma a nan akwai bambanci tsakaninmu. Ni ina da uwargida a nan, Allah Ya saka mata, takan ɗebi tawa miyar kafin ta zuba gishiri, daga baya ma gidan gaba ɗaya aka rage. To ɗan'uwanmu da iyalinsa ke Arewa fa, wanda safe mai shayi, rana buka, dare mai tsire? Shi ba shi da iko da tukunya. Shawarata gare shi: ya tsayar da mai abinci guda, ya gaya mata larurarsa, ya rage romo da miya, ya ce wa mai tsire kada a barbaɗa yaji, mai shayi ya soya ƙwai ba magi. In da hali ya sayi ɗan risho ya riƙa dafa wake, doya ko dankali da kansa. Ba abin kunya ba ne.

Wani gargaɗi: akwai gishirin da ake sayarwa a ce na masu hawan jini ne. Yana ɗauke da sinadarin fotashiyam, wanda in ya haɗu da wasu magungunan zuciya yana iya zama haɗari. Kada a saya sai an tambayi likita. Batun ruwan sha kuma, ba kowa ake taƙaita wa ba. Wanda ciwonsa ya yi nauyi akan ce ya tsaya a lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ledar fiya-wata uku zuwa huɗu, har da shayi da kunu a lissafin. Kowa ya tambayi nasa adadin, musamman lokacin zafi.

NA HUƊU: MAGANI DA SANA'A

Cikin magungunan akwai na fitsari, furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Shi ke fitar da ruwan. Sauran, irin su lisinopril, carvedilol ko bisoprolol, spironolactone, da sababbi irin dapagliflozin, su ne ke sauƙaƙa wa zuciya aiki, suna kuma ƙara tsawon kwana da izinin Allah. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu riƙe na fitsari don shi muke ganin aikinsa, mu bar sauran. Wasu kuma akasin haka, na fitsarin suke gudu.

Kuma na san dalili. Ka sha ƙwaya da safe, ka shiga danfo daga Obalende za ka Agege, goslo ya riƙe ku a kan gadar Third Mainland, ina za ka sa kanka? Ko kana rumfa, makewayi yana can ƙarshen kasuwa kuma sai ka biya. Ga alwala da ba ta zama. Ni ma na riƙa tsallakewa a ranakun kasuwa har ƙafa ta fara hawa. Da na faɗa wa likita gaskiya, bai yi faɗa ba. Ya ce ƙarfin ƙwayar a awoyin farko yake, saboda haka ko in sha da asuba in zauna gida zuwa hantsi, ko in bari sai na isa inda zan je. Matsalar da na yi wata shida ina ɓoyewa, cikin minti biyu ta warware. Ku faɗa wa likita gaskiya. In wani magani ya sa ku busasshen tari ko jiri, akwai madadinsa, kada ku tsayar da kanku. Gwajin jini na ƙoda da ake turawa kuma ba cin kuɗi ba ne, magungunan ne ke bukatar a sa ido.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro, wato maganin ciwon jiki. Mu masu aikin ƙarfi, da yamma sai a aika yaro kemis a ce a haɗo na gajiya. Cikin haɗin nan akwai ibuprofen, diclofenac ko piroxicam. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna taɓa ƙoda, suna iya mayar da mai ciwon zuciya gadon asibiti. Farasitamol ya fi aminci. Haka jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, da na ƙarfin maza, da lemon ƙara kuzari. Taba kuwa, ta sha ko ta shaƙa, a bar ta gaba ɗaya. Goro ma, ni mai sayar da shi nake gaya muku, in yana sa ƙirjinka dukan uku-uku, ka rage.

NA BIYAR: ALJIHU

Kada mu yaudari kanmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Na san masu raba ƙwaya biyu, da masu sha yau su huta gobe. Ba taurin kai ba ne, babu ce. Ni abin da nake yi: na ɗauki magani kamar kuɗin haya, kullum in an tashi kasuwa sai in ware nasa a gefe kafin cefane. Na kuma roƙi likita ya rubuta mini da sunan asalin maganin, ba sunan kamfani ba, don sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. In kuɗin ba zai kai ba, ka gaya masa, shi ya san wanda ba a taɓawa.

Amma araha ba ta ado. Kada a sayi maganin zuciya a tire ko a cikin mota. A je babban kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In akwai wurin kankarewa a jikin kwalin, a kankare a tura lambar ta waya. Sannan Gwamnatin Legas ta ƙaddamar da inshorar lafiya a ƙarshen 2018, wadda ake kira Ilera Eko, kuma ta mazauna jihar ce, ba ta Yarabawa kaɗai ba. Mu nawa ne a nan muka yi rajista? Ku ɗaga hannu. To kun gani.

NA SHIDA: HARSHE DA KUNYA

Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, a tsakiyar 'yan'uwanmu. Ga LASUTH a Ikeja, ga Babban Asibitin Legas nan kusa da mu a cikin tsibiri. Likitocin zuciya ba su yi mana nisa ba, harshe ne ya yi nisa. Likita na Turanci, mu muna gyaɗa kai muna "yes sa", mu fito ba mu san sau nawa za a sha ba. Ka tafi da ɗanka ko wani mai jin Turanci. Kafin ka tashi, ka maimaita wa likita abin da ka fahimta. A jikin kwali a zana rana da wata, ko ka rubuta da ajami. In za ka tafi gida, ka karɓi takardar bayani da isasshen magani, don ka nuna a Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A doguwar mota kuma duk inda aka tsaya ka sauka ka taka.

Sai kunya. Namiji ba ya so a ce ya kasa, kada abokan ciniki su daina ba shi kaya bashi. Ni ma na ɓoye. Na shiga damuwa, barci ya ƙaurace, har na ji ko maganin ba na son gani. Wannan damuwar ma ciwo ce, kuma tana sa mutum ya saki kansa. Abin da ya fitar da ni shi ne fita: aka ce in riƙa tafiya a hankali kullum, gwargwadon yadda zan iya magana ba haki. Na fara da zuwa masallaci in dawo, yau ina yin rabin awa. Kwanciya ba ta gyara zuciya, sai dai in ciwon ne ya tashi.

NA BAKWAI: IYAYENMU MATA

Akwai nau'in wannan ciwo da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda aka fitar a 2020, ya samu kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a Kano tana kamuwa. Shi bai ɗora laifin a kan al'adun jego ba, ya fi nuna rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu da rashin abin yi. Duk da haka, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, wadda zuciyarta ta riga ta raunana ba ta da abin yi da kunun kanwa.

Maza, a nan nauyin yana kanmu. Mai jego ta ce tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya, kada a ce jego ne, a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta asibiti a ranar. Da yawansu zuciyar takan farfaɗo in an kama da wuri. Kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai an sake hoton zuciya likita ya yi bayani, don ciki na gaba yana iya tafiya da ita.

AZUMI DA TAWAKKALI

Malamai na nan, su gyara mini. Abin da aka karantar da mu a Islamiyya shi ne, a cikin Suratul Baƙara Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a kan azumi. Wanda ciwonsa ya lafa, sau da yawa yana iya yi in an gyara masa lokutan magani. Wanda bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ko yake haki yana zaune, likita zai hana shi. A je a tambaya tun watan Sha'aban. Ni shekarar farko ban yi ba, na yi kuka, amma ga ni yau ina yi. Wanda sujada ke toshe masa numfashi, sallah a zaune ta halatta. Tawakkali kuwa, mun san an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Shan magani ɗaure raƙumi ne.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon abu huɗu. A sayi sikeli da na'urar awon jini a ajiye a ofis, duk ranar taro a auna kowa, wanda aka samu 140 bisa 90 ko sama, a sake aunawa, in ya tsaya a haka a tura shi asibiti. A buɗe asusu na musamman don wanda maganinsa ya yanke. A samu matasa masu jin Turanci, maza da mata, da za su riƙa raka marasa lafiya. A kuma tura wakilai su binciko sharuɗɗan inshorar nan, su zo su yi mana bayani da Hausa. Ni na ɗauki nauyin sikelin, gobe in Allah Ya kai mu zan kawo.

Wanda duk ya ji alamun da na lissafa a jikinsa ko a gidansa, ya same ni bayan an tashi, in gaya masa ƙofar da ake bi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Allah Ya jiƙan aminina da sauran waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da mu gida lafiya.